Kiyashi a Ɗakin Na'ura

Bana azumi ya sake faɗo mana a tsakiyar zafi, gab da saukar ruwan farko, daidai inda ya taɓa samun mu sama da shekara talatin da suka wuce. Jiya da la'asar ina kishingiɗe a ƙofar gida ina fifita da kwali, sai ga Rahina 'yar ƙanena da waya a hannu, wai ta ci jarrabawar kula da uwar na'ura, irin wadda suke ce wa saba. A ɗakinta ta yi karatun, a ɗakinta ta yi jarrabawar, takardar shaidar ma ta waya aka aiko mata. Na'urar kanta ba ta taɓa ganin ta da ido ba, wai tana can wata ƙasa. Ta ce, "Baba Salifu, ku a zamaninku yaya aka yi kuka samu taku?" Na ce mata da wahala, na kawar da zancen. Ta tafi abinta, ni kuwa zaman bai ƙara yi mini daɗi ba, don akwai abin da ke ƙarƙashin tawa takardar wanda ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, ina da shekara ashirin da shida. Wani kamfani mai shigo da na'urori ya buɗe kwas na wata shida a unguwar Tokoin, nan Lome, ya ɗauke mu mu takwas. Ni kaɗai ne ɗan Zongo, ni kaɗai ne Musulmi. In an gama, mai jarrabawa zai zo daga Abijan, wanda ya ci a ba shi takarda, da takardar nan kuwa banki ko kamfanin jiragen ruwa da gudu za su ɗauke ka. Sau ɗaya yake zuwa wa kowane rukuni, babu wani a sake gwadawa.

Ku bar ganin abin da kuke sawa a aljihu yanzu. Na'urarmu ta kai firji uku a jere, tana da ɗakinta ita kaɗai, da kilim mai hura sanyi dare da rana. Daɓen ɗakin ma na musamman ne, an ɗaga shi sama da falle-falle masu ciruwa, wayoyi na bi ta ƙasa, wasu fallayen da ƙananan huji inda sanyi ke fitowa. Aikin da ake koya mana shi ne kula da sistem ɗin da ke tafiyar da ita: yadda ake tayar da ita, yadda ake kashe ta bi da bi ba gaba ɗaya ba, yadda ake buɗe wa kowane ma'aikaci gurbinsa da kalmar sirrinsa, wa zai ga me, wa ba zai gani ba, da yadda ake kwashe aikin yini a zuba a manyan faya-fayan tef, in na'ura ta faɗi a dawo da shi. Malaminmu Misiye Kojo, dogo, siriri, ba ya dariya sai in na'ura ta tashi lafiya. Takalmi a ƙofa muke cire shi kamar za mu shiga masallaci. Dokarsa ta farko kuwa sai da kowa ya sa mata hannu a takarda: ba ci, ba sha a ɗakin na'ura, ko cingam. Wanda ya karya, ba zai zauna jarrabawa ba.

Bibbiyu ya raba mu. Abokiyar aikina Afi ce, 'yar ƙabilar Mina, matar aure, ta girme ni da shekara biyu. Aikin buga tafireta ta ajiye ta zo kwas ɗin, ga ta da ciki wata biyar. Ina ce mata Da Afi, tana ce mini Fo Salifu, yadda suke girmama juna a yarensu. Gaskiya ɗaya ce, ta fi ni kai. Ni nakan haddace umarni kamar karatun allo, ita kuwa ta san dalilin kowane. Dawo da aiki daga tef shi ya fi ba ni wuya, ita ta zaunar da ni sau ba adadi har ya zauna mini. A watan ƙarshe aka ba mu tsaron rana, wato daga sha biyu zuwa biyu da rabi, lokacin da kowa ya tafi hutu, makullin ɗakin na hannunmu mu biyu.

Sai azumi ya shigo. Zafin Lome ba irin na Arewa ba ne da zai ƙona ka ka bushe, namu jiƙa mutum yake yi. Ka yi wanka ka sa riga, kafin ka kai bakin titi ta manne maka a baya. Mu a Zongo, tun da aka tashe mu daga tsakiyar gari aka kawo mu nan nesa, ko iskar teku ba ta iso mu. Rufin kwano ya ɗauki zafi tun hantsi, ba zai sake shi ba har a yi isha. Famfon unguwa yakan kawo ruwa ɗan lokaci da sassafe ya ɗauke, mata su bar bokitai a jere da dutse a ciki suna riƙe musu layi. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga ya dawo da rabi, rabin ma ja wur.

Gidan haya ne mai ɗaki tara, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli, amma in azumi ya zo tukunya kusan ɗaya ce. Mata su haɗa gero su jiƙa, biyu su kai inji, biyu su tace, Mma, mahaifiyata, ita ce mai damawa, don babu mai hannunta a koko. Citta, kanumfari, ɗan barkono, sukari kuwa ba ta yi masa rowa. Da la'asar a surfa wake, a hau suyar ƙosai, kwanuka su fara yawo gida-gida, a kai wa wancan, wancan ya aiko. Daga nan kowa kunnensa na masallaci, kuma muryar da ake jira ta Babana ce. Shi ne ladanin layinmu fiye da shekara ashirin. Babu mai kai ko dabino baki sai Malam Isaka ladan ya buɗe nasa bakin.

Ni ba na riskar wannan. Ƙarfe shida na yamma muke tashi daga karatu, ƙaramar bas daga Tokoin zuwa Zongo kuwa sai ta cika ta tumbatsa take motsi. Saboda haka bayan sahur Mma takan dama mini nawa kokon daban ta cika fulas, in sha ruwa da shi a can. A barandar makarantar nake buɗa baki tare da maigadi, Malam Hamadu, wani dattijon Bazabarme ɗan layinmu, wanda yake salla a sahun farko bayan Babana. Afi kuma, tun ranar farko ta azumi, ta daina shan kunun masararta a gabana. Mai ciki ce, dole ta sa wani abu a ciki da rana, amma sai ta ɗauki 'yar kularta ta zagaya bayan gini gindin mangwaro, inda babu kowa. Na ce mata ba komai, ta sha a nan. Ta ce a'a, ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba.

Ranar sha ɗaya ga wata, muna isowa da safe aka ce babu karatu, wani babban baƙo zai sauka, a fito tarba. A zamanin jam'iyya ɗaya ba a tambayar mutum ko yana so. Aka rufe makarantu da ofisoshi, aka jera mu a bakin hanyar filin jirgi tun ƙarfe takwas, masu rawa da waƙar yabo a gaba, mu muna tafi a baya. Babu inuwa ko ta sandar lantarki. Kwalta na tururi, gumi na shiga ido, tafin hannu ya yi ja. Sai bayan ƙarfe ɗaya motocin suka wuce fuu, ko fuskar baƙon ban gani ba. Hanya a rufe, babu mota, da ƙafa muka koma Tokoin. Kafin mu isa harshena ya zama kamar tsohuwar fata, ina ganin mutum ɗaya biyu.

Sauran suka watse. Afi ta ɗauki kularta ta yi bayan gini. Na buɗe ɗakin na'ura na shiga ni kaɗai, sanyi ya buge ni har tsigar jikina ta tashi. Jakata ya kamata in bari a kan kanta a waje, amma na shiga da ita. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, ni ne. Na murɗa makulli ta ciki, na tsuguna bayan akwatin na'ura, na cika murfin fulas na shanye. Na ƙara. Wallahi har yau ban sha abin da ya kai wannan kokon daɗi ba, kuma faɗin hakan ma kunya yake ba ni.

Amma abin kunyar ba na wannan rana ba ne. Wannan rana ko malami zai iya nema mini uzuri. Abin kunyar na washegari ne, da jibi, da gata. Babu tsayuwar rana, babu tafiyar ƙafa, kawai na gano wuri ɗaya a duk faɗin Lome inda idon ɗan Zongo ba ya kaiwa. Kwana tara ina yi. Da yamma in zauna a baranda in lanƙwasa wuya kamar kowane mai azumi, 'yan ajinmu na wucewa suna cewa kai, Fo Salifu namiji ne, a wannan zafi. Malam Hamadu ya lura fulas ya yi sauƙi, na ce masa Mma ce ta rage hannu. In na isa gida Baba ya ce, "Salifu, yaya ibada?" in ce alhamdu lillahi, in kai hannu kwano.

A rana ta tara ina tsugune da fulas a buɗe, sai na ji an murɗa hannun ƙofa. Na zabura, gwiwata ta ture fulas. Koko ya malale a kan fallen nan mai huji, ina kallo yana zurarewa ƙasa.

"Fo Salifu, kulle ƙofar ka yi?"

Afi ce ta dawo da wuri. Na ce ina zuwa. Na goge saman da hankici, hankici ya jiƙe, na cire safa na ƙarasa da ita, na cusa komai a jaka na buɗe. Ta shigo ta ɗan tsaya, sannan ta wuce ta zauna a gaban allonta ta ci gaba da aiki.  Abin da ake ɗaga fallen da shi yana ofishin Misiye Kojo a kulle. Na ce wa kaina sanyi zai busar da shi, shi ke nan.

Bayan kwana biyu ruwan farko ya sauka. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Zongo aka fito da duk wani abu mai baki, baho, tukunya, garwa, aka tara a bakin indararo. Layinmu ya zama jan taɓo, ƙamshin ƙasa ya cika gari, Mma ta ce yau dai za a yi wanka da bokiti cikakke. Kowa ya yi barci mai daɗi. Abin da na manta shi ne, in ruwan farko ya jiƙa ƙasa, duk wani ƙwaro da ke cikinta fitowa yake yi neman wuri busasshe.

Kwana huɗu bayan ruwan, muna tsakiyar darasi da hantsi, allunanmu takwas suka tsaya cik lokaci ɗaya. Sai warin ƙonewa. Misiye Kojo ya ruga ya kashe wuta. Da mai gyara ya zo ya ɗaga falle, sai ga kiyashi, layi baƙi ƙirin, sun shigo ta ramin waya, sun yi dandazo a kan wani busasshen abu mai ruwan ƙasa, daga nan sun hau cikin akwatin wutar na'ura sun yi gida. Saura kwana takwas mai jarrabawa ya sauka.

Misiye Kojo ya tsuguna ya ɓanɓaro abin da farce, ya murza, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya tara mu a aji ya ce, "Wannan kunu ne. In ina nan babu mai shiga da ko ruwa. Mutum biyu ke riƙe da makulli da rana." Ya dube ni ya ce, "Salifu azumi yake yi, duk mun shaida." Ko tambayata bai yi ba. Ya juya.

"Madam Afi, ina kike shan kununki?"

"A bayan gini, Misiye, gindin mangwaro."

"Wa ya taɓa ganin ki a can?"

 Babu wanda ya taɓa ganin ta, ai don kada a gan ta take zuwa can, kuma saboda ni. Ta ce, "Misiye, ban taɓa shiga da abinci ɗakin nan ba." Sannan ta waiwayo ta dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, kallo ne kawai na mai jira.

Ina so in faɗi abin da ya zo mini a rai a lokacin, yadda ya zo. Ba Allah na tuna ba, ba kuma cikin da ke jikinta ba. Ta taga na hango Malam Hamadu zaune a bakin ƙofa da carbinsa. Na san in na buɗe baki, kafin in hau bas labari ya riga ni isa Zongo: ɗan ladan yana shan koko da rana tsaka. Na ga Baba yana hawa matakalar masallaci da magariba mutane na sunkuyar da kai. Na ga takardar da aka yi wata shida ana yi mini addu'a a kanta ta tafi.

Misiye Kojo ya ce, "Salifu, kai ne abokin aikinta. Ka taɓa ganin ta shiga da kula?"

Da ma shiru na yi. Cewa na yi, "Ban lura ba, Misiye."

Shi ke nan. Ya ce doka doka ce, kowa ya sa hannu. Afi ta tattara littattafanta, ta ajiye makulli a kan tebur, ta gaishe shi, ta fita a hankali irin tafiyar masu ciki. Sauran kwanakin azumin na yi su da gaske, ko miyau ina tsoron haɗiyewa, kamar hakan zai gyara wani abu.

Aka gyara na'ura, aka yi salla, mai jarrabawa ya zo. Tambayar da ta fi kowace maki ita ce a dawo da aikin da ya ɓace daga tef. Na yi ta tsaf, mataki-mataki, yadda Afi ta koya mini. Na zo na biyu. Baba ya karɓi takardar da hannu biyu, bai iya karanta Faransanci ba, amma sai da ya kai ta masallaci aka yi fatiha. Ina tsaye yana gaya wa mutane cewa yaron nan azumi talatin ya yi cur cikin wannan zafi, bai fasa karatu ba.

Na samu aiki a banki, na yi aure, na gina ɗaki biyu. Na rama kwana taran, daga baya na ɗauki azumin wata biyu a jere, ban gaya wa kowa dalili ba. Abin takaici, sai mutane suka fara ce mini ustaz. Makarantar kuwa tana nan a Tokoin, Misiye Kojo na nan yana yaye rukuni bayan rukuni, nakan wuce ta ƙofar a motar ofis. Sau da yawa na ce gobe zan shiga. Ban shiga ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan Misiye Kojo ya rasu. A wurin jana'izarsa wani ɗan ajinmu ya gaya mini Afi tana unguwar Kégué, kusa da filin ƙwallo, tana da 'yar rumfa. Na sayi turmin atamfa mai kyau na tafi. Rumfar katako ce, tafireta ɗaya, injin kwafi ɗaya, mutane biyu zaune a benci suna jiran a buga musu takardar neman aiki. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sa tabarau. Ta gane ni nan take.

"Fo Salifu. Ka yi tumbi."

Na gaishe ta, na tambayi maigida da yara. Sannan na rage murya na faɗa mata komai a tsaye, fulas, makulli, safa, duka. Hannunta na kan tafireta, ba ta ɗauke shi ba.

Ta ce, "Ai na sani. Ɗakin nan a rufe yake ruf, kokon mamarka kuwa citta da kanumfari. Tun rana ta biyu na sani."

Na ce, "Da Afi, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Azuminka tsakaninka da Allahnka ne, ba ni zan tona ba. Na ɗauka kai za ka faɗa. Har na kai ƙofa ina jira." Ta gyara takarda a bakin injin. "Bayan na haihu, na koma wurin Misiye Kojo har sau uku ina roƙon ya sa ni a rukuni na gaba. Ya ce kunun ba komai ba ne, da na amsa laifina da ya yafe. Amma ba zai ba da makullin na'ura ga wadda ta dube shi ido cikin ido ta yi masa ƙarya ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Na miƙa mata atamfar na ce ta yafe mini don Allah.

Ta dubi atamfar, ba ta karɓa ba. Ta ce, "Yaushe aka binne shi?"

"Shekaranjiya."

"To. Shekara goma sha ɗaya yana nan, sai da aka binne shi ka zo ka faɗa wa wadda ta riga ta sani." Ta juya wajen mutumin da ke kan benci ta tambaye shi sunan kamfanin da zai kai wa takardar, ta fara bugawa. Ina nan tsaye da atamfa a hannu, ina jiran ko za ta ƙara wani abu. Can ta ɗago ta ce, "Fo Salifu, matsa kaɗan, ka tare mini haske."

Na matsa.